TSUNTSAYEN KAN TSAUNI: IN KURMI YA TAFI, INA ZA SU?

Jawabin wannan wata a kan wasu tsuntsaye ne da ba a samunsu sai a kan manyan tsaunukan Nijeriya da Kamaru. Yana da kyau a karanta wa manoma da makiyaya da mafarauta su ji.

  

Maganar yau ta tsuntsaye ce. Amma ba ta belbela ba ce, ba ta kurciya ba, ba kuma ta shamuwa ba. Waɗannan kowa ya san su. Belbela tana Sakkwato, tana Legas, tana Masar, har Amurka ta kai. Duk inda shanu suke tana nan. Shamuwa kuwa matafiya ce. Ta zo da damina, ta koma kudu da kaka. In wuri ya ɓaci mata, sai ta sake wani.

Akwai wasu tsuntsaye da ba su da wannan gata. Duk faɗin duniyar nan ba su da gida sai kan 'yan tsaunuka kaɗan. Wasu ma tsauni ɗaya tak gare su. A kan tsaunin kuma ba ko'ina suke zama ba. Kowane iri da wurin da yake so. In wurin nan ya lalace, ba su da inda za su koma. Irinsu ya ƙare ke nan, kuma irin da ya ƙare ba ya dawowa.

Wani zai ce, to ina ruwan manomi da tsuntsun kan dutse? A bi jawabin nan a hankali. Kafin ƙarshe za a ga cewa gidan tsuntsun nan shi ne tulun ruwan mutanen da ke ƙasa.

INA TSAUNUKAN SUKE?

Ana auna tsawon tsauni da mita, daga bakin teku zuwa sama. Birnin Kano yana kan tudun da bai wuce mita 500 ba. Garin Jos yana wajen mita 1,200. Shi ya sa Jos ta fi Kano sanyi.

A gabas, kan iyakar Nijeriya da Kamaru, akwai jerin tsaunuka da suka fi na Jos tsawo. Akwai tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda garuruwan Gembu da Nguroje suke. Tsawonsa wajen mita 1,600 ne. Kusa da shi akwai Cappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal. Tsawonsa mita 2,419 ne, kuma babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya. A kudu akwai tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba.

In an tsallaka Kamaru, akwai tsaunukan Bamenda. Babba a cikinsu shi ne Dutsen Oku, mai mita 3,011. Can kudu akwai Dutsen Kupe. A bakin teku kuma akwai uban su duka, wato Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000. Dutse ne mai aman wuta, ya kuwa yi aman a 1999 da 2000.

Waɗannan wurare ba baƙi ba ne ga mai jin Hausa. Fatake Hausawa da Fulani makiyaya sun daɗe suna zaune a Mambila da Bamenda, tare da ƙabilun da suka tarar a can. Masana sun ƙidaya tsuntsaye kusan iri 30 da ba a samunsu ko'ina a duniya sai a wannan jerin tsaunuka.

TSAUNI KAMAR GIDAN BENE NE

Duk wanda ya taɓa hawa Mambila a mota ya san abu ɗaya. A ƙasa ana gumi, a sama ana neman bargo. Ƙa'idar ita ce, duk hawan mita 1,000, zafi yakan ragu da kamar digiri 6 a ma'aunin zafi.

Ba sanyi kaɗai ba. Iska mai ɗauke da danshi tana tasowa daga teku. In ta ci karo da tsauni sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zama gajimare. Saboda haka kan tsauni ya fi ƙasa samun ruwan sama. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, hazo mai laima yakan rufe itatuwa da safe, ganye ya riƙa ɗiga.

Wannan ya sa tsauni ya zama kamar gidan bene mai hawa-hawa. Hawan ƙasa da irin itatuwansa. Hawan tsakiya da nasa. Hawan sama da nasa. A can sama itatuwa ba su cika tsawo ba, rassansu kuma lulluɓe suke da gansakuka da ƙananan tsire-tsire masu maƙalewa. Kowane hawa da 'ya'yan itacensa da ƙwarinsa. Tsuntsu kuwa abincinsa yake bi. Wanda ya saba da hawan sama ba zai iya zama a ƙasa ba. Zafi ya yi masa yawa, abincinsa babu, ga kuma tsuntsayen ƙasa sun riga sun cike wurin.

YAYA AKA YI SUKA MAƘALE A SAMA?

A duba abin da ke faruwa a fadama. In kogi ya cika ya yi ambaliya, kifi yakan bazu ko'ina. In ruwa ya janye, sai a bar kifaye a kududdufai. Na wannan kududdufi ba ya iya zuwa wancan, don tsakaninsu busasshiyar ƙasa ce.

Haka masana suke ganin ya faru da tsuntsayen tsauni. Dubban shekaru da suka wuce an yi zamanin da duniya ta fi yanzu sanyi. A lokacin, itatuwa masu son sanyi sun sauko ƙasa-ƙasa, sun kusanci juna daga tsauni zuwa tsauni. Tsuntsaye suka bi su. Da duniya ta ɗumama, sai itatuwan suka koma sama, tsuntsayen ma suka bi su. Kowane tsauni ya zama kududdufi. Da tafiya ta yi tafiya, na wani tsauni suka sake kama da murya, har suka zama iri dabam.

Yanzu ga kaɗan daga cikinsu, da wurin da kowanne ya zaɓa. An yi musu laƙabi da Hausa don sauƙin ganewa.

NA CIKIN DUWATSU: JAN TSUNTSUN JOS

A fara da na kusa. Kowa ya san ƙaramin jan tsuntsun nan da ke shiga tsakar gida yana tsintar tsaba, wanda wasu ke kira ba'u. To, yana da ɗan'uwa a duwatsun Jos. Namijin bayansa da ƙirjinsa ja ne, kansa ruwan toka. Shi ba ya son tsakar gida. Wurinsa shi ne tsibin manyan duwatsu, inda ciyawa da ƙananan itatuwa suka fito a tsakankani. Nan yake cin tsabar ciyawa, nan yake ɓoye sheƙarsa.

Yadda masana suka gano shi abin mamaki ne. Akwai wani ƙaramin baƙin tsuntsu a Jos wanda ba ya yin sheƙa. Macensa takan saci jiki ta saka ƙwai a sheƙar wani, a ƙyanƙyashe mata, a ciyar mata da ɗa. In ɗan ya girma, sai ya riƙa yin kukan waɗanda suka rene shi. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan kukan gidan riƙonsa yake yi.

Wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Payne ya saurari kukan baƙin tsuntsun nan. Ya ji bai yi daidai da kukan jajayen tsuntsayen da aka sani ba. Ashe akwai wani mai reno da ba a rubuta ba. A 1998 ya bayyana wa duniya jan tsuntsun dutse a matsayin iri mai zaman kansa. Ban da yankin Jos, an same shi a duwatsun Mandara, kan iyakar Nijeriya da Kamaru.

Bincike ya nuna cewa da damina ba ya nisa da dutsensa. Da rani kuwa dole ya sauka neman ruwa a ƙoramar da ke da itatuwa. Wato abu biyu yake bukata: dutse mai ciyawa, da ƙorama mai inuwa a kusa. In an fasa dutsen don tsakuwa, ya rasa gida. In an sare itatuwan ƙorama ta ƙafe, ya rasa ruwa. In kuwa ya tafi, baƙin tsuntsun ma ya tafi, don ba shi da mai reno.

NA BAKIN KURMI: KABAREN TSAUNI

A Mambila da Obudu da Bamenda akwai wani kabare. Jikinsa rawaya ne, bayansa kore-kore, fuskarsa baƙa kamar ya sa takunkumi. Masana sun sa masa sunan wani Bature masanin tsuntsaye, David Bannerman.

Manomi na jin an ce kabare sai ransa ya ɓaci, don ya tuna masu taruwa ɗari-ɗari a bishiya ɗaya suna yi wa hatsi ɓarna. Wannan ba haka yake ba. Yawanci bibbiyu ake ganinsu, mace da namiji. Ba ya son tsakiyar kurmi mai duhu, ba ya kuma son fili fetal. Wurinsa shi ne bakin kurmi, da sarƙaƙiyar da ke bin gefen rafi. Saboda haka ya fi sauran haƙuri da mutane. Ko an yi gona a kusa zai zauna, muddin an bar masa sarƙaƙiyar bakin ruwa.

NA SAMAN ITATUWA: FEN

Sarkin kyau a cikinsu duka yana tsaunukan Bamenda. Mutanen wurin suna kiransa Fen. Dangin kulkulu ne, girmansa ya ɗan fi na tattabara, ga doguwar wutsiya. Jikinsa kore ne, zankonsa ja. In ya buɗe fiffike sai a ga ja wur kamar garwashi. Masana sun gano cewa akwai sinadarin jan ƙarfe a cikin launin gashin nan. An fara rubuta shi a littattafan masana a 1923.

Fen ba ya zama sai a kurmin da ke sama da kamar mita 1,700. Rayuwarsa a kan rassa take. Yana gudu a kan reshe, yana tsalle daga wannan zuwa wancan, yana cin 'ya'yan itace irin su ɓaure. Ba gwanin dogon tashi ba ne. In an yi babban fili tsakanin kurmi da kurmi, tsallakawa takan yi masa wuya. Ƙwai biyu macen takan saka, don haka ba ya saurin yaɗuwa.

Jan gashinsa yana da daraja a al'adar mutanen yankin. Sarki yakan soka wa mutum jan gashi a hula don girmama shi, kamar yadda ake yi wa mutum naɗi a ƙasar Hausa. Yanzu Fen yana cikin jerin tsuntsayen duniya da ake tsoron ƙarewarsu. Mafi yawan waɗanda suka rage suna kurmin Dutsen Oku.

NA ƘARƘASHIN ITATUWA: MAI JAN GIRA

A kurmi ɗaya da Fen akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu, baƙi da fari, mai jan nama a saman ido kamar gira. Shi ma babu shi ko'ina sai tsaunukan Bamenda. Fen yana sama, shi yana ƙasa. A cikin ƙananan itatuwan da ke ƙarƙashin manya yake farautar ƙwari, a nan kuma yake sheƙa.

A lura da wannan da kyau. Mutum zai hango kurmi daga nesa ya ga manyan itatuwa tsaye, ya ce ai kurmi lafiya lau. Amma in awaki da shanu sun shiga sun cinye na ƙasa, sun tattake tsiro, to gidan mai jan gira ya rushe. Kuma kurmin kansa ya kama hanyar mutuwa, don babu 'ya'yan da za su gaji manyan itatuwa in sun faɗi.

NA TSOHON KURMI

Wasu kuma ba su yarda da komai ba sai tsohon kurmi wanda gatari bai taɓa ba. A Obudu da wasu tsaunukan Kamaru akwai wani mai ruwan ƙasa da farin maƙogwaro. Ƙungiya-ƙungiya suke yawo da surutu. Suna bin rassa suna tonon gansakuka don neman ƙwari, wani lokaci har kai a ƙasa. Gansakuka mai kauri kuwa sai a tsohuwar bishiya, a wuri mai laima.

Akwai kuma sudar Dutsen Kupe. Wani likita Bature mai suna William Serle ne ya bayyana ta a 1951. Daga nan masana ba su sake ganinta ba sai a 1989, wato shekara 38. Daga baya an same ta a wasu tsaunuka na kusa, har da Jihar Kuros Riba. Ita a hawan tsakiya take zama, daga wajen mita 900 zuwa 1,500.

A Dutsen Kamaru kuwa akwai wata makwarwa mai jan baki da jajayen ƙafafu. Duk duniya babu ita sai a jikin dutsen nan guda. A ƙasa take kiwo, ta fi son gudu da tashi. Wannan ya sa tarko da karnukan farauta suke saurin samunta.

Ashe ke nan tsauni ɗaya gidaje da yawa ne. Wani na dutse, wani na bakin kurmi, wani na sama, wani na ƙasa. Wanda yake son ya tsare su, sai ya tsare gidajen duka.

ME KE KORAR SU?

Na farko, wuta. Kowace shekara da rani akan sa wa ciyawar tsauni wuta don sabuwa ta tofo wa dabbobi, ko don farauta. Wutar ba ta tsayawa a ciyawa. Takan lashi bakin kurmi. Bana ta ci taki biyar, baɗi ta ci goma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda wuta ta buɗe, ciyawa ta shiga. Inda ciyawa ta shiga, wutar baɗi ta samu hanya.

Na biyu, sabuwar gona. Ƙasar kurmi tana da taki, jama'a kuma suna ƙaruwa. Amma gonar da aka yi a gangaren tsauni ba ta daɗewa. In ruwa ya wanke ƙasar sama, sai a bar ta a sake sarar wani wuri.

Na uku, shigar dabbobi cikin kurmi, kamar yadda aka bayyana. Na huɗu, saran itacen girki da na katako, da ɓare ɓawon itatuwan magani har su bushe. Na biyar, tarko da danƙon yara.

Ba laifin mutum ɗaya ba ne. Manomi abinci yake nema. Makiyayi ciyawa yake nema. Mai itace tuwo take son dafawa. Amma in kowa ya ɗebi kaɗan, ba mai mayarwa, ran nan sai a wayi gari babu.

Akwai kuma na shida, wanda ya fi ƙarfin ƙauye ɗaya, wato ɗumamar duniya. In zafi ya ƙaru, tsuntsun da ke son sanyi sai ya ƙara hawa sama. To wanda yake can ƙololuwa fa, ina zai hau? An ga misalin wannan a wata ƙasa mai zafi da tsaunuka, wato Peru, a Amurka ta Kudu. A 1985 masana sun ƙidaya tsuntsayen wani tsauni a can. A 2017 aka koma aka sake ƙidayawa. Aka tarar da yawa sun matsa sama. Cikin iri 16 da ke zaune a can ƙoli, ba a ga 8 ba.

INA RUWAN MANOMI?

Yanzu a dawo ga tambayar farko. Kurmin kan tsauni kamar soso yake. Ganye da gansakuka suna tare ruwan sama da hazo. Ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa yana shanye shi. Saiwoyi suna riƙe ƙasa. Sai ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali ta idon ruwa, har cikin rani. In babu kurmi, ruwan yakan gangaro gaba ɗaya da damina, ya kwashe ƙasa, ya yi ambaliya. Da rani kuma rafi ya ƙafe.

A duba inda koguna suke tasowa. Kogin Donga daga Mambila yake fitowa. Kogin Taraba daga tsaunukan yankin Gashaka. Kogin Katsina-Ala daga tsaunukan Bamenda. Dukansu cikin Binuwai suke zuba. Daga tsaunin Jos kuma kogin Kaduna da na Gongola da na Jama'are suke farawa. Mai noman rani a fadamar Jama'are, da masunci a Binuwai, da makiyayin da ke shayar da garke a bakin Gongola, duk suna da rabo a abin da ke faruwa a kan tudu, ko da ba su taɓa hawa ba.

Su kuma tsuntsayen ba zaman banza suke yi ba. Masu cin 'ya'yan itace, irin su Fen, suna haɗiye ƙwallo su kai shi wani wuri su kasayar, ya tsiro. Su ne masu shukar kurmi. Masu shan ruwan fure, dangin sha-kauci, suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan, itace ya yi 'ya'ya. Masu cin ƙwari suna rage tsutsa. Kurmi yana riƙe tsuntsu, tsuntsu yana riƙe kurmi, kurmi yana riƙe ruwa. Saboda haka in kukan tsuntsayen nan ya ɗauke a wani kwari, to a fara duba idon ruwan da ke wurin.

ABIN DA WASU SUKA YI

Abin bai fi ƙarfin mutanen ƙauye ba. Ga misali uku.

Kurmin Dutsen Oku, wanda ake kira Kilum-Ijim, ya kai wajen hekta 20,000, wato kusan eka 50,000. Shi ne mafi girman kurmin tsauni da ya rage a wannan sashe na Afirka. A da, gonaki suna ta cin sa. A 1987 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, wadda yanzu ake kira BirdLife International, ta fara aiki da mutanen wurin. Aka zauna da sarakuna da dattawan Oku da Nso da Kom. Aka shata iyaka: nan gona ta tsaya, nan kurmi ya fara. Ƙauyuka suka kafa kwamitocin tsaro, suna share hanyar tare wuta. Hotunan da aka ɗauka daga sama bayan wasu shekaru sun nuna kurmin ya daina raguwa, har ya fara tofowa a wasu wurare.

Mutanen ba don tsuntsu kaɗai suka yarda ba. Daga kurmin suke samun ruwan sha da magani. Ga kuma zuma. Suna kai amya cikin kurmi, ƙudan zuma su sha furen itatuwan tsauni, su yi wata farar zuma mai tsada. A 2013 aka yi wa farar zumar Oku rajista, yadda ba mai ikon sayar da wata zuma da sunanta. Mai amya a kurmi ba ya son ya ga wuta.

Na biyu, Ngel Nyaki a Mambila, kusa da ƙauyen Yelwa. An mai da shi gandun daji a 1969. Kabaren tsauni yana nan, ga birai iri-iri. Tun farkon shekarun 2000 wata masaniya, Hazel Chapman, daga wata jami'a ta ƙasar Niyu Zilan, ta kafa aikin bincike a wurin tare da 'ya'yan ƙauyen. Sun kewaye wasu filaye a bakin kurmi da shinge, suka hana wuta da shanu shiga, suka dasa itatuwan asali na wurin. Ba nisa da nan akwai babban gandun Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991. Shi ne mafi girma a Nijeriya, kuma an ga tsuntsaye fiye da iri 500 a cikinsa.

Na uku, dajin Amurum a ƙauyen Laminga, kusa da Jos. Bai wuce hekta 300 ba, amma an ga tsuntsaye wajen iri 300 a ciki, har da jan tsuntsun dutse da baƙin da yake reno. A 2001 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a wurin, haɗin gwiwa da Jami'ar Jos. A 2015 cibiyar ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. 'Yan sa-kai ne suke rubuta tsuntsun da suka gani, da ranar, da wurin, su aika.

ABIN YI

Ga shawarwari ga mazauna tudu, da ma duk wanda ke da kurmi ko rafi a kusa da garinsu.

1. In za a yi gona, a bar itatuwa da sarƙaƙiyar bakin rafi. Kada a nome har bakin ruwa.

2. In ƙuna ta zama dole, a yi ta da wuri, tun ciyawa da sauran danshi. A fara share hanya mai faɗi tsakanin ciyawa da kurmi. A yi da yamma in iska ta kwanta, kuma a tsaya har wutar ta mutu.

3. Manoma da makiyaya su zauna da mai unguwa da arɗo, a ware mashaya da burtali, don dabbobi su sha ruwa ba tare da sun ratsa cikin kurmi ba.

4. A shuka itacen girki da na gini a gefen gida. Amma bishiyar zaiti, wadda wasu ke kira turare, tana da shan ruwa. A nisanta ta da idon ruwa. A bakin rafi a dasa itatuwan asali na wurin, irin su ɓaure.

5. Mai ɗibar ɓawon magani ya ɗebi gefe ɗaya. In ya zagaye bishiya, ya kashe ta.

6. Mai cin zuma ya tabbata ya kashe wutarsa kafin ya bar daji.

7. A ja wa yara kunne game da danƙo da kwasar ƙwai, musamman lokacin da tsuntsaye ke kan sheƙa.

8. A tambayi tsofaffi sunayen tsuntsayen yankin, da waɗanda ake gani da amma yanzu ba a gani. A rubuta a ajiye. Wannan rubutu zai nuna wa na baya abin da ya ragu da abin da ya dawo.

Jama'a, belbela in an kore ta a nan za ta sauka a can. Fen da sudar Kupe da jan tsuntsun dutse ba su da can. Bishiyar da aka sare cikin awa ɗaya takan ɗauki shekarun mutum guda kafin wata ta kai ta. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya bar wa tsuntsu kurminsa, ya bar wa jikokinsa ruwan sha.

A huta lafiya. Sai wata mai zuwa.